Isnadin Hayaƙi: Daga Ƙofar Kibo Zuwa Tseren Babura na 1961

Wanda duk ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kibo da hantsi, sa'ad da 'yan makaranta suka gama wucewa, masu sana'a kuma suka fara fitowa daga cikin birni, ya san cewa babura iri biyu ne ke ratsa wurin nan, kuma ko an rufe masa ido, kunnensa da hancinsa sun isa su rarrabe masa su. Akwai mai murya ƙasa-ƙasa, wanda ke wucewa ba hayaƙi ba ƙauri, irin su Boxer ɗin nan na ƙasar Indiya da suka cika gari; akwai kuma mai siririyar murya kamar ta ƙudan zuma a cikin gwangwani, wanda in ya wuce yakan bar shuɗin hayaƙi yana lilo a bayansa, tare da warin ƙonannen mai. Wannan na biyu shi ne Jincheng, wanda ya yi zamaninsa a hannun 'yan acaɓa har ba a jin sunan kowa sai nasa, yanzu kuwa ya fara ja da baya, an fi ganinsa a hannun dattawa da mutanen ƙauye masu shigo da kaya.

Ba nisa da ƙofar akwai rumfar wani dattijon bakanike, wanda tun ina yaro kawuna ke goyo na a bayan jan Suzukinsa mu je wurinsa gyara. Kwanan baya na tarar da shi ya kwance salansar wani tsohon Jincheng, ya ɗiga mata fetur ya cinna wuta, hayaƙi baƙi ƙirin yana tuƙuƙi ta bakinta, yaronsa kuma yana tsugune da sifana a hannu yana jira ta huce ya ƙwanƙwasa ta. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, me ya sa sai an ƙone ta?" Ya ce, "Malam, ai babur irin wannan numfashinsa a salansa yake. In datti ya toshe ta, ko sabon fistin da ringi ka sa masa ba zai ja ba. Kuma kada ka yarda yara su yanke maka ita wai don ta yi ƙara, domin ƙarar za ka samu, ƙarfin kuwa ya tafi."

Wannan magana da dattijon ya gada daga ogansa na Sabon Gari, shi ma ogan ya gada daga wani, ita ce ainihin mas'alar da aka yi babban al'amari a kanta a gasar tseren babura ta duniya ta shekarar 1961, al'amarin da ya raba malami da almajirinsa har abada, ya kuma juya akalar sana'ar ƙera babura daga Turai zuwa Japan. Malamanmu na zaurukan Unguwar Juma da Kona ba su karɓar karatu sai sun tambayi daga wa aka ɗauko shi, domin a wurinsu jingina ilmi ga mai shi yana daga cikin albarkarsa. Ni kuwa ina ganin ilmin ƙarfe ma yana da nasa isnadi, kuma shuɗin hayaƙin nan na Ƙofar Kibo, in aka bi silsilarsa sannu a hankali, sai ta kai mutum wani ƙaramin gari na ƙasar Jamus wanda da wuya a sami mutum ɗaya cikin dubu a Zazzau da ya taɓa jin sunansa.

A farkon shekarar nan ta 1961 ƙasarmu ba ta cika shekara da samun mulkin kai ba, Sarki Muhammadu Aminu na bisa gadon Zazzau, Gaskiya Ta Fi Kwabo na fitowa daga Tudun Wada, jami'ar Samaru kuwa sai shekara mai zuwa za a buɗe ta, kuma wanda ya mallaki keke Rali a lokacin ya isa a nuna shi da baki. Can a Turai gasar duniya ta tseren babura, wadda hukumar FIM ta kafa a 1949, ta shiga shekararta ta goma sha uku. An kasa ta aji-aji bisa ga faɗin cikin inji: akwai ajin 125, da 250, da 350, da 500, da kuma na babura masu akwati a gefe, don mai karatu ya kwatanta, Jincheng ɗinmu 100 ne. An shirya tsere goma sha ɗaya, daga Sifen cikin watan Afrilu har zuwa Ajantina cikin Oktoba, kuma wannan shi ne karo na farko da gasar ta fita daga Turai. Wanda ya zo na ɗaya yana samun maki 8, na biyu 6, haka har zuwa na shida mai maki 1, sa'an nan a ƙarshen shekara a tattara mafi kyawun sakamakon kowa. Yawancin wuraren tseren kuwa hanyoyin jama'a ne da akan rufe na 'yan kwanaki, da katangunsu na dutse da itatuwansu da turakun waya, mahayi ba shi da kariya sai rigar fata da wata 'yar hular kwano kamar rabin ƙwarya. A tsibirin Man, wanda ke tsakanin Ingila da Ailan, zagaye ɗaya ya ɗara kilomita 60, watau kamar kashi uku cikin huɗu na tafiyar Zariya zuwa Kaduna, cikin ƙauyuka da kan dutse da hazo.

Shekarun da suka gabata Italiyawa ne ke riƙe da ragamar abin. Bayan kamfanonin Gilera da Moto Guzzi da Mondial sun janye a ƙarshen 1957 saboda nauyin kuɗi, sai fage ya zama na MV Agusta, wanda ya cinye dukan azuzuwan nan huɗu shekara uku a jere. Amma da 1960 ta ƙare manyan mahayansa biyu suka tafi, John Surtees ya koma tseren mota, Carlo Ubbiali ya yi ritaya da kambu tara, mai kamfanin kuma ya ba da sanarwar janyewa, ko da yake ya bar wa mutum guda baburansa ya ci gaba da su. Mutumin nan, Gary Hocking, ɗan Afirka ne ta wajen tashi, domin a Bulawayo ta ƙasar Rodeshiya, wadda a yau ake kira Zimbabuwe, ya girma. Shi ne kuwa ya lashe ajin 350 da na 500 a wannan shekara ba tare da wata wahala mai yawa ba. Labarin manyan azuzuwan ke nan a taƙaice. Inda ƙura ta tashi shi ne wajen ƙananan.

Tun cikin Maris 1954 Soichiro Honda, wani ɗan maƙeri da ya kafa kamfaninsa a 1948 cikin ƙasar da yaƙi ya ragargaza, ya shelanta wa ma'aikatansa cewa za su je tsibirin Man su yi takara. Ya je da kansa cikin shekarar nan ya ga baburan Jamusawa da Italiyawa, ya tarar ƙarfinsu ya ninka na nasa, ya komo gida da sarƙoƙi da tayoyi da sauran sassa a cikin kayansa don a zauna a yi musu muɗala'a. Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, shekara biyar ya yi yana shiri kafin ya aika da mutanensa a 1959, suka zo na shida da na bakwai da na takwas, Turawa suna kallonsu kallon baƙin da suka zo koyo. Mazhabar Honda ita ce inji mai bugu huɗu, irin na Boxer da na mota, wanda fistin ke sauka ya shaƙi mai, ya hau ya matse shi, wuta ta kama ta tura shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi, kowane mataki da bawul ɗin da ke buɗe masa ƙofa ya rufe. Dabararsu kuwa ita ce su ƙanƙanta silinda su yawaita ta, har babur ɗinsu na 250 ya zama mai silinda huɗu, yana juyawa wajen sau 14,000 a minti guda, da ƙara irin wadda Turai ba ta taɓa ji ba. Wannan hanya tana bukatar kuɗi da ma'aikata da injunan sassaƙa ƙarfe masu kyau, Honda kuwa yana da su, albarkacin ɗan babur ɗinsa Super Cub da ya fito a 1958 ya sami kasuwa.

Abokin karawarsa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A garin Zschopau na Jamus ta Gabas, ƙarƙashin mulkin gurguzu, akwai masana'antar MZ, wadda ta gaji ginin tsohon kamfanin DKW bayan Rashawa sun kwashe injunansa a matsayin diyyar yaƙi. Shugaban sashen tsere a nan shi ne injiniya Walter Kaaden, haifaffen 1919, wanda ya yi aiki a wurin gwajin makamai masu linzami na Peenemünde lokacin yaƙin Hitila, ya komo gida ya buɗe ɗan wurin aikin katako kafin a kira shi masana'anta. Mutanensa 'yan kaɗan ne, kuɗin ƙasarsu ba ya sayen kome a waje, har ta kai in yana son wani kaya mai kyau na Ingila sai dai a yi musaya. Abin da ke hannunsa shi ne inji mai bugu biyu, kakan na Jincheng, wanda masana na lokacin suka ɗauka abin talaka ne, na zuwa gona da kasuwa, ba na fagen fama ba.

A nan ya kamata a ɗan dakata, domin wanda bai fahimci aibin wannan inji ba ba zai gane girman abin da Kaaden ya yi ba. Inji mai bugu biyu ba shi da bawul a kansa. 'Yan ƙofofi ne a jikin silinda waɗanda fistin da kansa ke buɗewa ya rufe yayin da yake hawa da sauka, kuma duk juyi ɗaya wuta na kamawa, shi ya sa yake da sauƙin gyara da zafin nama, shi ya sa kuma ake haɗa masa fetur da baƙin mai, wanda ke ƙonewa ya ba da shuɗin hayaƙin nan. Aibinsa shi ne ƙofar shigar sabon mai da ta fitar hayaƙi sukan kasance a buɗe lokaci guda, sai wani kaso na sabon man ya bi hayaƙi ya fice bai ƙone ba, kamar mai zuba hatsi a buhun da ke da huji. Kaaden ya lura cewa duk sa'ad da ƙofar hayaƙi ta buɗe, wani bugun iska mai ƙarfi yakan ruga cikin salansa da saurin sauti, kuma in aka ƙera salansar kamar gora, siririn wuya, faffaɗan ciki, sa'an nan ta tsuke wajen gindi, to faɗin cikin zai zuƙo hayaƙin waje sarai, tsukewar gindin kuma ta mayar da bugun baya, kamar yadda Dutsen Kufena ke mayar wa makiyayi kiransa, ya iso bakin silinda daidai lokacin da sabon mai ke shirin zubewa, ya tura shi ciki kafin fistin ya rufe ƙofa. Duk wannan yana faruwa kusan sau ɗari biyu cikin daƙiƙa ɗaya, kuma in tsawon bututun ya ƙaru ko ya ragu da ɗan yatsa guda, lissafin ya ɓaci. Haka ya yi ta yankan gwangwani yana naɗewa yana walda yana gwadawa, shekara da shekaru.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa shi ma Kaaden yana da shehunnansa. Erich Wolf na kamfanin DKW ya riga shi gwada salansa mai ciki, wani injiniya kuma mai suna Daniel Zimmermann shi ya fara sa wa irin wannan inji wani faifai mai juyawa a gefe, wanda ke ƙayyade lokacin shigar mai. Abin da Kaaden ya yi shi ne ya haɗa waɗannan biyu, ya ƙara ƙofa ta uku a jikin silinda, ya daidaita su har suka yi magana da murya ɗaya, kamar yadda mai sharhi kan ɗauki matani biyu da ba a fahimta ba ya warware su. Sakamakon shi ne a 1961 ɗan injinsa na 125, mai silinda ɗaya tak, ya ba da ƙarfin doki 25, watau doki 200 ga kowace lita, adadin da wani inji mai shaƙar iska da kansa bai taɓa kaiwa ba kafin wannan. Mahayinsa kuwa, Ernst Degner, haifaffen 1931, ba mahayi ne kawai ba. Tun 1956 yake tare da shi a ɗakin aiki, ya san awon kowace ƙofa da kowane bututu, kuma Kaaden ya amince da shi amincin uba ga ɗa.

Aka buɗe shekara a birnin Basalona ran 23 ga Afrilu, inda Tom Phillis, mutumin Ostiraliya, ya ci ajin 125, nasarar farko ke nan da Honda ya taɓa samu a gasar duniya. Mako uku bayan haka a Hockenheim ta Jamus ta Yamma, Kunimitsu Takahashi ya ci ajin 250 ya zama Bajapane na farko da ya yi haka, amma a ajin 125 Degner ne ya shige gaba. Cikin Yuni a tsibirin Man wani saurayi ɗan shekara 21, Mike Hailwood, ɗan wani attajirin dillalin babura na Ingila, wanda ba ya cikin 'yan gidan Honda na ainihi sai dai aro aka ba shi, ya ci 125 da 250 a kan Honda, ya kuma ci 500 a kan Norton, tsere uku cikin mako ɗaya, abin da ba wanda ya taɓa yi. Honda kuwa ya kwashe matsayi na ɗaya har zuwa na biyar a ƙananan azuzuwan biyu. Daga nan ajin 250 ya zama rigimar cikin gida tsakanin mahayan Honda, har Hailwood ya ɗauke kambun. A ajin 125 ne kaɗai aka sami mai tsaya musu, mutum ɗaya a kan babur mai silinda ɗaya yana fuskantar runduna guda. A ƙarshen Yuli aka kai gasar Jamus ta Gabas karo na farko, a Sachsenring, Degner ya ci a gaban dubun dubatar mutanen ƙasarsa, ya sake ci a Monza ta Italiya farkon Satumba, har ya zama saura tsere biyu kuma shi ne a gaba. Hukumomin ƙasarsa sun riga sun fara shirin biki, domin a wurinsu wannan hujja ce cewa gurguzu ya fi jari-hujja.

Abin da Kaaden bai sani ba shi ne tun a tsibirin Man almajirinsa ya fara magana da mutanen Suzuki. Wannan kamfani na garin Hamamatsu asalinsa na ƙera masaƙa ne, tun 1909, ya shigo harkar babura daga baya, ya zaɓi inji mai bugu biyu, ya zo Turai a 1960 da 1961 ya sha kunya, baburansa ba gudu, kuma kullum cikin cijewa. Suna bukatar abin da ke kan Degner, shi kuma yana bukatar hanyar fita daga ƙasar da 'yan sandan ciki ke bin sawun kowa, ƙasar da in an bar mutum ya fita tsere sai a riƙe iyalinsa a gida kamar jingina. Ran 12 ga Agusta ana tsere a Ailan ta Arewa. Washegari, 13 ga wata, aka wayi gari an fara gina katangar Barlin. Ganuwarmu ta Zazzau an gina ta ne don a tsare na ciki daga maharan waje, ita kuwa waccan don a hana na ciki fita aka yi ta, kuma da ita hanyar da Degner ya yi niyyar bi da iyalinsa ta toshe.

Sai aka sake dabara. A makon tseren Suwidin wani abokinsa na Jamus ta Yamma ya ɓoye matarsa da 'ya'yansa maza biyu ƙanana a but ɗin wata babbar mota ƙirar Amurka, bayan an ba yaran maganin barci don kada su yi kuka a shingen bincike, ya ƙetare iyaka da su. Ran 17 ga Satumba a garin Kristianstad aka tashi tseren 125, wanda da Degner ya ci shi da ya zama zakaran duniya nan take, amma tun ba a yi nisa ba injinsa ya lalace. Da dare ya yi, ya shiga motarsa ya nufi Denmak, ya hau jirgin fito zuwa Jamus ta Yamma, ya sadu da iyalinsa. Hukumar ƙasarsa ta soke lasisinsa, babur ɗin da wani kamfanin Ingila ya shirya masa don tseren ƙarshe bai kai ga shiga fage ba, Phillis kuwa ya ci a Ajantina ran 15 ga Oktoba ya ɗauki kambun da ratar maki biyu kacal. Mutanen MZ suka kai ƙara cewa da gangan Degner ya fasa injin, kotun FIM ta zauna a Janiba cikin Nuwamba ta kori wannan zargi. Cikin watan nan kuma ya sauka Hamamatsu.

Na daɗe ina juya wannan al'amari a zuciyata, kuma ban iya tsinuwa ga Degner ba. Mutumin da ya yarda a sa 'ya'yansa a but ɗin mota, alhali ya san abin da zai same su in an buɗe, ba kwaɗayin kuɗi kaɗai ke korarsa ba, kuma hijira daga ƙasar zalunci abu ce da shari'a da hankali suka san da ita. Amma fa ilmin da ya sayi 'yancinsa da shi ba nasa ba ne shi kaɗai, amana ce ta ɗakin da ya yi shekara biyar yana cin tuwonsa. MZ sun ce har da zane-zane da sassan inji ya tafi. Abin da ba mai musu a kai shi ne cikin 'yan watanni Suzuki, wanda jiya ba ya iya gama tsere, ya fito da injuna masu faifai a gefe da salansa mai cikin gora, kamar an tsaga kara da na Zschopau. Wanda aka zalunta a nan Kaaden ne, wanda shi ma fursunan katangar nan ne, ya wayi gari kambun da ya yi shekara takwas yana nema ya kuɓuce, sirrinsa ya tafi, hukuma kuma ta ƙara tsananta wa sashensa wajen fita waje. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga nan silsilar ba ta da wuyar bi. A 1962 aka ƙara ajin 50, Degner ya ci wa Suzuki nasararsa ta farko a tsibirin Man, ya kuma zama zakaran duniya; a 1963 Hugh Anderson na Niyu Zilan ya ci musu 50 da 125 gaba ɗaya. Yamaha, masu ƙera kayan kiɗa, waɗanda babur ɗinsu na farko a 1955 kwaikwayon DKW ne na garin Zschopau ɗin nan, su ma suka bi wannan tafarki har Phil Read ya ci musu ajin 250 a 1964. A 1975 Giacomo Agostini ya ci babban ajin 500 a kan Yamaha mai bugu biyu, kuma daga ranar har zuwa 2001 ba a sake cin kambun wannan aji da wani irin inji ba, har Honda da kansa, bayan dogon taurin kai, ya sallama ya bi. Abin da aka koya a fage kuwa ya gangaro kasuwa. Cikin shekarun 1960 Suzuki ya fitar da A100, ɗan babur mai faifan nan na gefe, wanda kamfanin Boulos na Ikko ya yaɗa a Nijeriya har ya zama abin hawan malaman makaranta da malaman gona da ma'aikatan En'e, irinsa ne kawuna ya yi shekaru yana hawa. Daga baya aka yi AX100, wanda kamfanin Jincheng na birnin Nanjin a ƙasar Sin ya karɓi fasaharsa daga Suzuki cikin shekarun 1980, ya ƙera shi da araha, ya cika Afirka da shi. Salansar Jincheng ta haya ce, an yi ta don ta rage ƙara ta kuma daɗe, ta yi nesa da ta tsere. Amma gidan da ya haife ta a hannun almajirin Kaaden ya koyi yadda ake sa wannan inji ya yi ƙarfi bai cije ba.

Mazajen shekarar 1961 kuwa ba su daɗe suna cin moriyarta ba. Tom Phillis ya rasu a tsibirin Man cikin Yuni 1962 yana bin Hocking da Hailwood a ajin 350. Hocking, wanda abokinsa ne na ƙut da ƙut, ya ci babban tseren da aka yi bayan kwana biyu, sa'an nan ya ajiye babur ɗungum ya koma Afirka, yana ganin mota ta fi aminci, ajali kuwa ya same shi cikin motar tsere kusa da Daban a Afirka ta Kudu, cikin Disamba na wannan shekara, yana da shekara 25. Degner ya faɗi a filin Suzuka na Japan a 1963, tankinsa ya kama da wuta, ya ƙone ƙuna mai tsanani wadda ta sa aka yi masa aiki fiye da sau hamsin. Har yau akwai kwana a filin nan da ake kira da sunansa, saboda wata faɗuwa da ya yi a wurin shekara guda kafin wannan, kuma ya rasu a tsibirin Tenerife a 1983. Hailwood, wanda ya tara kambu tara ya tsira daga duk hatsarin fage, babbar mota ce ta gitta masa a hanyar gida a 1981, shi da 'yarsa ƙarama.

Kaaden ya zauna a Zschopau. Bai taɓa cin kambun duniya na tseren kwalta ba, ko da yake baburansa sun ci gaba da cin tsere jefi-jefi, har Hailwood da kansa ya hau MZ ya ci a Sachsenring a 1963. Ya mai da hankalinsa ga gasar kwana shida ta cikin daji da taɓo, inda ake gwada juriyar babur, mutanensa suka ci ta sau shida tsakanin 1963 da 1969. Ya ga faɗuwar katangar a 1989, ya rasu a 1996, cikin garin da ya yi dukan aikinsa.

Na ba dattijon nan na Ƙofar Kibo wannan labari a taƙaice yayin da salansar ke hucewa, yana saurare yana goge fulogi da tsumma. Da na kai wurin gudun Degner sai ya girgiza kai, ya ce shi ma ya yaye yara sun fi ashirin, waɗansu in sun gan shi a hanya har ƙasa suke tsugunawa, waɗansu kuwa sun buɗe rumfa sun ce a Kano suka koya. Ya tambaye ni sunan Bajamushen sau biyu, yana maimaitawa a hankali don ya zauna masa. Yaron ya ƙwanƙwasa salansar da sifana, baƙin datti ya zubo ɓaro-ɓaro a kan ƙasa, suka mayar da ita suka ɗaure, mai babur ɗin, wani manomi da buhun barkono ɗaure a bayansa, ya taka sau ɗaya ya tashi. Dattijon ya kasa kunne ya murɗa totur sau biyu, ya ce, "To, yanzu ya sami numfashi," manomin ya biya, ya yi mana sallama, ya fita ta ƙofar ya nufi yamma.